Yadda Ake Zaɓen Abin Wanke Wilin Babur Ba Tare da An Lalata Shi Ba

Babu wani sashe na babur da yake shan dauɗa kamar wili. Shi ne yake ratsa taɓo da ruwan kwata da damina, shi ne yake kwasar jar ƙasa da ƙurar hunturu, sannan na baya yana ƙarawa da man da sarƙa take fesa masa a kowace tafiya. Idan dauɗar ta kafe ta ƙi fita, abin da ya fi kusa da hannu shi ake ɗauka, ko garin omo, ko fetur, ko maganin wanke masai, wani lokaci har da ruwan batir. Duk waɗannan suna fitar da dauɗa, wasunsu ma kafin a ƙifta ido, amma da yawa daga cikinsu suna yin haka ne ta hanyar cinye wani ɓangare na fuskar wilin, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai bayan makonni, lokacin da rim ya dushe ko tsatsa ta fara tsirowa a gindin sifok, wato wayoyin da suke haɗa rim da cibiyar wili.

Akwai kuma abin da ya fi kyan gani muhimmanci. Wili yana maƙwabtaka da abubuwa uku da ran mahayi ya rataya a kansu, wato birki da taya da boris (ƙananan ƙwallayen ƙarfe da wili yake juyawa a kansu), kuma duk abin da aka fesa wa rim sai ya gangara zuwa ga ɗayansu. Saboda haka ƙa'idar da wannan bayani ya ginu a kanta ita ce a fara da abu mafi sauƙi da zai iya aikin, kada a hau zuwa mai ƙarfi sai mai sauƙin ya gaza, kuma kada a zuba wa wili abin da ba a san mene ne a cikinsa ba.

Mataki na farko: a gane irin wilin da ake da shi

Kafin a je kasuwa, a tsuguna a dubi wilin da kyau, domin abin da yake lafiya ga wani wili guba ne ga wani. Baburan da suka cika titunanmu, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Jincheng, suna zuwa da ɗaya daga cikin nau'i biyu. Na farko shi ne wili mai sifok, wanda galibi rim ɗinsa na ƙarfe ne da aka lulluɓe da kurom mai ƙyalli, wayoyinsa na ƙarfe ne da aka shafa wa sinadarin zinc don hana tsatsa, cibiyarsa kuma ta alminiyam ce. Wannan yana nufin ƙarafa uku ne a wili ɗaya, kuma dole abin wankin ya dace da dukkansu. Na biyu shi ne wilin da aka zuba shi curi ɗaya da alminiyam, mai ƙafafu biyar ko shida, wanda yawanci aka yi masa fenti baƙi ko ruwan azurfa, wani lokaci a goge bakinsa ya yi fari sannan a rufe shi da fenti marar launi.

Hanyar rarrabewa ba ta da wuya. A samo mayen ƙarfe, ko da na cikin tsohuwar lasifika ne, a kara shi a jikin rim: idan ya kama, ƙarfe ne; idan bai kama ba, alminiyam ne. Idan alminiyam ne kuma yana da fari mai sheƙi, sauran a san ko tsirara yake ko an rufe shi. A ɗiga ɗan man goge ƙarfe a farin ƙyalle, a murza a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan ƙyallen ya yi baƙi, alminiyam ɗin tsirara ne, babu abin da ya tsaya tsakaninsa da abin wanki. Idan ƙyallen ya fito da farinsa, akwai rufi a kai, kuma daga nan sai a ɗauke shi a matsayin wili mai fenti.

Akwai nau'i na uku da ake gani a baburan hawa daji da waɗanda samari suka sauya wa rim don ado: alminiyam mai launin zinariya ko ja ko shuɗi ko baƙi, wanda launin ya shiga jikin ƙarfen ta hanyar wutar lantarki. Wannan rufi kaurinsa bai cika wuce maikiron 5 zuwa 25 ba, alhali maikiron 1,000 ne suke yin milimita ɗaya. Abin wanki mai kaifi yana saurin lalata shi, kuma idan ya yi dabbare-dabbare babu man gogewar da zai dawo da shi.

Mataki na biyu: a gane irin dauɗar

Dauɗar wili kashi huɗu ce, kuma kowacce da maganinta. Akwai ƙasa da taɓo, waɗanda ruwa da sabulu sun ishe su, sai dai a tuna cewa ƙurar nan tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai kaifi, don haka goge ta a bushe da tsumma shi ne ke jawo ƙananan zane-zanen da suke dusar da fenti. Akwai maiƙo, wato man sarƙa da giris da baƙin mai, wanda yake haɗuwa da ƙura ya zama baƙin danƙo a wilin baya, kuma shi yana buƙatar abin da ke narkar da mai. Akwai ƙurar birki, wadda ta fi yawa a babur mai birkin faifai, kuma a cikinta akwai ƙananan ɓarɓashin ƙarfe masu zafi da suke nutsewa cikin fenti su bar ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa. Ta huɗu ita ce tsatsa kanta a jikin rim na ƙarfe, ko farin garin da yake fitowa a jikin alminiyam, waɗanda a gaskiya ba dauɗa ba ne, alama ce cewa ƙarfen ya fara ciwo.

Amfanin wannan rarrabewa shi ne yawancin masu babur a ƙasarmu, da birkinsu na ganga ne (wanda yake rufe a cikin cibiyar wili) gaba da baya, matsalarsu ƙasa ce da maiƙo kawai. Ba su da wata buƙatar magungunan wili masu ƙarfi da aka ƙera domin ƙurar birkin manyan motoci.

Mataki na uku: a karanta jikin kwalba

Nan ne zaɓin yake faruwa, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Masana sinadarai suna da ma'aunin da suke kira pH, wanda yake tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, kamar ruwa mai tsabta. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 dangin asid ne, duk abin da ya haura 7 kuma dangin kanwa da soda ne. Kowane hawa ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, ta yadda abin da yake 11 ya ninka mai lamba 9 sau ɗari a kaifi.

Mutane da yawa sun san asid yana cin ƙarfe, amma kaɗan ne suka san cewa alminiyam yana tsoron ɓangarorin biyu. Wata siririyar fata ce da iska take gina masa take kare shi, kuma wannan fata tana zama lafiya ne kawai daga wajajen 4 zuwa 9 a ma'aunin. Idan aka fita daga nan ta kowane gefe, sai ta narke. Duk wadda ta taɓa dafa wake da kanwa mai yawa a tukunyar alminiyam ta ga yadda cikin tukunyar yake yin duhu, kuma abin da yake faruwa da cibiyar wili ke nan idan an saba jiƙa ta da abu mai kaifin soda. Sinadarin zinc da yake kare sifok shi ma haka yake, asid yana cinsa, soda mai ƙarfi ma tana cinsa.

Saboda haka abin da ake nema a jikin kwalba shi ne shaidar cewa abin tsaka-tsaki ne. A kayan da aka rubuta da Turanci za a ga “pH neutral” ko “pH balanced”, a waɗanda suke shigowa kasuwannin Nijar da Faransanci kuma za a ga “pH neutre”. A yi hattara da kalmar “acid-free” ko “sans acide” idan ta zo ita kaɗai, domin abin da take faɗa kawai shi ne babu asid a ciki, kuma da yawa daga cikin masu ɗauke da ita suna can ɗaya ƙarshen, masu kaifin soda ne sosai. Haka nan a duba ko an ambaci irin wilin da ake da shi da sunansa. Idan aka ga an rubuta cewa na kurom ne kaɗai, to a bar shi a kan kanta, domin ko wilin mai rim ɗin kurom ne, cibiyarsa da sifok ɗinsa ba kurom ba ne.

Daga nan a juya kwalbar a karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Sunaye biyu ne idan aka gan su bai kamata a ƙara tunani ba: “hydrofluoric acid” da “ammonium bifluoride”. Ana sa su a wasu magungunan haska alminiyam na manyan motoci domin suna fitar da fari nan take, amma haɗarinsu ga ɗan Adam ya wuce na sauran asid. Idan an surka su ba sa yin zafi a lokacin da suka taɓa fata, sai su ratsa ciki su riƙa janye sinadarin kalsiyam daga tsoka da ƙashi, zafin kuma ya taso bayan sa'o'i, lokacin da ɓarnar ta riga ta yi nisa. A ganina babu wani hasken rim da ya kai a ajiye irin wannan a gidan da yara suke. Bayan su, a guji “hydrochloric acid” da “sulphuric acid”, sannan ga duk wili mai alminiyam a guji “sodium hydroxide” da “potassium hydroxide”.

Wanda ba ya karanta waɗannan harsuna yana da wata hanyar. Tun shekarar 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomin gargaɗi na bai ɗaya ga sinadarai, waɗanda ake zana su a cikin jan murabba'i da aka tsayar a kan kusurwarsa. Alamar da take nuna ruwa yana ɗiga a kan hannu da kan sandar ƙarfe yana cin su tana nufin abin yana ƙona fata ko ido ko yana cin ƙarfe, kuma ganinta ya isa a yi taka-tsantsan. A Nijeriya hukumar NAFDAC ce take rajistar sabulai da sinadaran wanki, don haka lambarta a jikin kaya tana nuna an san mai shi, sai dai ba ta nufin abin ya dace da alminiyam. Abin da aka ɗura a robar ruwa ko ta lemo, babu suna babu takarda, a bar wa mai shi kayansa ko da ya rantse cewa yana sa rim ya zama kamar madubi. Wanda yake sana'ar wanki kuma yana iya sayen takardar gwajin pH a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje ko wajen masu sayar da kayan kiwon kifi, ya tsoma ta a cikin abin da ya surka, ya riƙe abin da ya faɗa tsakanin 6 da 9.

Mataki na huɗu: a tantance abubuwan da ke cikin gida

Gaskiyar magana ita ce yawancinmu da abin da ke gida muke wanki, don haka ya dace a bi su ɗaya bayan ɗaya. Garin omo yana ɗauke da sinadari ɗan uwan kanwa, ruwansa yana kaiwa 10 zuwa 11 a ma'auni. Wanki ɗaya da shi ba zai kashe wili ba, amma ɗan acaɓan da yake wanke mashin ɗinsa da shi kullum zai ga cibiyar wili da murfin birki sun koma toka-toka, baƙin fenti kuma ya koɗe. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin garin da ba su narke ba suna karce fenti. Sabulun soda da sabulun salo da toka duk a wannan layi suke. Ita kuwa sodar da ake haɗa sabulu da ita narkar da alminiyam take yi kai tsaye, har ana ganin kumfar iskar da take tashi, kuma iskar mai kamawa da wuta ce.

Maganin wanke masai da na tayil galibi asid ne mai ƙarfi. Yana cire tsatsar rim a gaban idonka, shi ya sa ake ruɗuwa da shi, amma yana tafiya da rufin sifok, sannan ya sulale ta ramukan da sifok suka shiga zuwa cikin rim, inda ruwan ɗauraya ba ya kaiwa. A can yake ci gaba da aikinsa a ɓoye, har ranar da mai faci zai cire taya ya tarar da ɓawon tsatsa yana huda tiyub, ko kuma kawunan sifok sun ƙame ba sa juyuwa idan an zo daidaita wili. Ruwan batir ma asid ne, kuma hukuncinsu ɗaya. Ruwan bilic, irin su Hypo da Jik, yana haddasa tsatsa da ƙananan ramuka a jikin ƙarfe, kuma haɗa shi da maganin masai yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, don haka kada a taɓa gwama su a bokiti ɗaya ko a wuri ɗaya.

Fetur shi ne abin da aka fi saurin kai wa hannu idan maiƙo ya yi yawa, domin yana nan a tanki. Yana kumbura roba, yana busar da gefen taya, yana wanke giris ɗin boris idan ya shiga, kuma tururinsa yana iya kama wuta daga garwashin mai shayi ko tartsatsin mai walda da ke gefe. Tina, wato ruwan surka fenti, tana narkar da fenti, man birki ma haka yake idan ya zuba aka bar shi. Kananzir ya fi su sauƙi, kuma ana iya amfani da shi a kan danƙon man sarƙa bisa sharaɗin a zuba shi a tsumma, a goge rim kaɗai, sannan a bi da sabulu.

Abin da ya rage mai aminci a cikin gida shi ne sabulun ruwa na wanke kwanuka. Yawancinsa yana kusa da tsaka-tsaki kuma yana yanke maiƙo, aibinsa kawai shi ne yana cire kakin da aka shafa don kariya. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a bokiti mai cin lita 10 ya wadatar.

Mataki na biyar: a sayi abin da ya dace, sannan a gwada shi

Ga mafi yawan babura, kwalba ɗaya ta sabulun wanke mota mai tsaka-tsakin pH ita ce ginshiƙi, kuma ta dace da kowane irin wili. A ƙara da maganin maiƙo da ake surkawa da ruwa, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cutar da alminiyam, domin wilin baya. Mai birkin faifai da wili mai fenti yana iya ƙarawa da maganin ɓarɓashin ƙarfe, wanda ake gane shi da warinsa mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da kuma yadda yake komawa shunayya idan ya haɗu da ƙarfe. Ana amfani da shi jefi-jefi ne, kuma ba a barinsa ya bushe. Mai rim ɗin kurom ko alminiyam tsirara yana buƙatar man goge ƙarfe irin su Autosol, amma kada wannan man ya taɓa wili mai fenti ko mai launin da aka shigar da lantarki, domin yana ɗauke da ƙaramin gari mai kankarewa. Baƙin wili marar sheƙi kuwa ba a yi masa gogewa ko kaki na yau da kullum, in ba haka ba zai yi ƙyalli a wani wuri ya dushe a wani.

Duk sabon abin da aka sayo, a surka shi daidai yadda takardarsa ta ce, a shafa kaɗan a wani ɓoyayyen lungu na rim ko bayan ɗaya daga ƙafafun wilin, a jira minti biyu zuwa uku, a ɗauraye, a bar wurin ya bushe sarai kafin a yanke hukunci, domin jiƙaƙƙen wuri yana ɓoye dushewa. Idan aka ga kumfa tana tashi daga jikin ƙarfen da kanta, ko wurin ya yi fari kamar alli, ko ya yi duhu, to an sami amsa: abin bai dace da wilin ba.

Mataki na shida: wankin kansa

Ko abu mai aminci yana iya barin tabo idan aka yi amfani da shi ba daidai ba, kuma a ƙasarmu zafi ne babban dalili. A kai babur inuwa, a jira wili da birki su huce har a iya ɗora tafin hannu a kansu, domin zafi yana ƙara wa sinadari kaifi kuma yana busar da shi kafin a ɗauraye. A kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya yadda za a iya juya wilin da hannu, inji kuma a kashe. Ba a taɓa wanke wilin baya inji yana aiki giya tana ciki don taya ta riƙa juyawa da kanta, domin sarƙa tana fizgar tsumma tare da yatsun da suke riƙe da shi.

A fara da ruwa zalla a zubar da ƙasar da za ta iya zuba, taɓon da ya bushe kuma a jiƙa shi a ba shi lokaci ya yi laushi. Daga nan a koma kan maiƙo: a zuba maganin a tsumma ko a buroshi, ba a fesa shi kai tsaye ba, a bi gefen rim ɗin da yake wajen sarƙa ana juya wilin kaɗan-kaɗan. Sannan a zo da ruwan sabulu da soso mai laushi. Ya kyautu a ajiye bokiti na biyu na ruwa zalla, a riƙa ɗauraye soson a ciki kafin a mayar da shi cikin sabulu, don kada yashin da ya kwaso ya koma kan rim. Tsohon buroshin haƙori yana shiga gindin sifok da kewayen bawul, tsakanin sifok da sifok kuma a zira dogon tsumma a ja shi gaba da baya. Soson waya na wanke tukunya ba shi da wuri a nan, domin kurom ɗin da ke kan rim kaurinsa bai kai maikiron ɗaya ba, kuma kowane zane da aka yi masa ƙofa ce ga tsatsa. Idan akwai ɗigon tsatsa a kurom, a duƙunƙune takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, a tsoma a ruwa, a murza a hankali.

A gama wili ɗaya a ɗauraye shi kafin a koma na biyu. Idan da injin feshi ake aiki, a ja baya da bakinsa, kuma kada a saita shi a kan cibiyar wili ko sarƙa ko gefen ganga, domin ƙarfin ruwan yana ratsa robar da take kare boris ya gurɓata giris. A ƙarshe a tsane da busasshen ƙyalle, musamman inda ake amfani da ruwan burtsatse mai barin farin tabo. Kaki kaɗan a kan rim mai sheƙi, wanda aka shafa da ƙyalle aka goge, yana sa wanki na gaba ya zo da sauƙi.

Mataki na bakwai: birki da taya

Faifan birki ba ya son komai a kansa sai tsabta. Idan mai ko kaki ko man feshi irin su WD-40 ya taɓa shi, a goge da maganin wanke birki na gwangwani ko da sifirit a sabon ƙyalle. Idan mai ya riga ya jiƙa fad ko takalmin birki, wato abubuwan da suke matse faifai ko ganga, wanki ba ya ceto su, domin sun sha shi har ciki, sai dai a canza. Wasu magungunan wanke birki suna ɗauke da sinadari mai kulorin wanda zafin walda yake mayar da shi iska mai guba ƙwarai, don haka kada a fesa su a kan abin da za a kai wa mai walda. Ƙurar cikin ganga kuma a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hure ta da baki ko da iskar famfo, domin wasu takalman birki suna iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu.

Taya kuma ruwa da sabulu da buroshi kawai take buƙata. Launin ƙasa-ƙasa da yake fitowa a gefenta wani sinadari ne da masu ƙera ta suka sa don hana ta tsattsagewa, yana tasowa sama da kansa, kuma wanki na yau da kullum yana rage shi. Man sa taya sheƙi da ake shafa wa motoci bai dace da babur ba ko kaɗan. Tayar mota a miƙe take tafiya, amma babur yana kwantawa a kwana ya taka gefen tayarsa, daidai inda man yake gangarowa. Haka nan shafa baƙin mai ko man birki don taya ta yi baƙi wuluk, wanda ake yi wa baburan sayarwa, yana jawo santsi kuma ba ya ƙara wa robar komai.

Mataki na takwas: kare jiki, da abin da za a gaya wa mai wanki

A sa safar hannu ta roba ko da abin mai sauƙi ne, a tsaya ta inda iska ba za ta dawo da feshi fuska ba, kuma kada a juye wani sinadari a robar abin sha. Idan abu ya fantsama a ido ko fata, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti da kwalbar a hannu don likita ya ga abin da ke ciki. Idan mai sinadarin fluoride ne, a tafi ko da babu zafi. Ruwan wanki mai maiƙo kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi suke sha.

Wanda yake kai babur ɗinsa wajen masu wanki yana da haƙƙin ya tambayi abin da ke cikin bokiti, kuma babu rashin kunya a cikin ya ce: “Malam, don Allah kada a sa wa wilin asid ko soda, kada a shafa wa taya mai, kuma a kauce wa cibiya da feshi.” Idan ya fi son kwanciyar hankali, ya tafi da sabulunsa. Bayan an gama, kafin a shiga babban titi, a yi tafiya a hankali a wuri marar cunkoso ana taka birkin baya ana matsa na gaba sau da yawa, domin ganga mai ruwa a ciki ba ta kamawa da farko, kuma sai an ji birkin ya dawo da ƙarfinsa na kullum sannan a ɗauki fasinja ko a ƙara wuta.